Biro Biyu

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata Magatakarda ya sake ƙirga kujerun zauren majalisa, kamar ƙirgar za ta canza wani abu. Goma sha ɗaya ne. Biyar da mutane a kai, shida wayam.

Biyar ɗin kansilolin gangare ne, baƙaƙen fata, tun takwas suke zaune cikin kayan da suka ɗinka musamman don yau. Shidan kuwa kansilolin tudu ne, fararen fata. Suna cikin ginin, Magatakarda ya sani, don yana jin takunsu a saman kansa, a ofishin Ciyaman. Sun zo ne don a ga sun ƙi zuwa.

Dokar garin a fili take. Ranar miƙa mulki sai kansiloli shida sun halarci zama kafin a rantsar da sabon shugaba. In sha biyu ta buga ba a yi rantsuwa ba, tsohon shugaba zai ci gaba da riƙon ƙwarya har wata shida, a sake zaɓe. Alƙalin da aka turo daga birni ya faɗa tun shigowarsa cewa minti ɗaya ba zai ƙara ba. Ya cire agogon hannunsa ya ajiye a gabansa, ya naɗe hannuwa.

Wadda ta ci zaɓen tana zaune a kujerar baƙi, jakarta a cinya. Sista kowa ke kiranta, shekara talatin da biyu tana karɓar haihuwa a asibitin garin. Tun da aka kafa majalisar nan ba a taɓa samun baƙar fata a kujerar shugaba ba, sai ga shi ta kada Ciyaman, mutumin da ya yi shekara ashirin da huɗu a kai.

Ciyaman kuwa kawun Magatakarda ne, wan mahaifiyarsa. Mahaifiyar ta auri ɗan gangare, dangi suka juya mata baya, ta rasu ta bar yaro ɗan shekara shida. Kawun ne ya ɗauke shi, ya sa shi a makaranta, ya ba shi wannan aikin, har yau kuma shi da matarsa da 'ya'yansa biyu a sashen baya na gidan kawun suke zaune. Tudu da gangare ba su taɓa haɗuwa a kan komai ba sai a kan sunan da suke kiransa: Ruwa-Biyu.

"Kai, Ruwa-Biyu!" Makaniki ne, mafi zafin kai a kansilolin gangare, ya bugi tebur. "Hau ka ce wa kawunka ya sauko mana da karnukansa. Ko kai ma da kai aka shirya?"

"Aikina rubutu ne, ranka ya daɗe. Ba ni da ikon jawo kowa."

"Rubutu! To shirya biro, yau za ka rubuta gawarwaki. Leƙa waje ka gani."

Ba sai ya leƙa ba, tun safe yake ji. Mutanen gangare sun haye gada sun cika bakin ƙofar sakatariya, mata da maza. A tsallaken titi, gaban gidan mai, samarin tudu sun jeru, kowa hannunsa a bayansa. Tsakaninsu 'yan sanda ne da ba su kai ashirin ba. Kowa a garin ya san abin da zai faru in sha biyu ta yi Sista ba ta fito a matsayin shugaba ba.

"Zauna, ɗan nan," in ji Sista ga Makaniki, ko ɗaga murya ba ta yi ba. "Ranar da aka haife ka ma haka ka cika mana ɗaki da ihu, kuma ba abin da ya hana ni yanke maka cibiya." Aka ɗan yi dariya. Ta juyo ga Magatakarda. "Kai kuma, ɗana, babu wata hanya?"

Ya girgiza kai. Jiya da yamma kawun ya kira shi har ƙofar gida, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba abin da nake so ka yi gobe. Ka yi aikinka yadda ka saba, kada ka ƙara, kada ka rage. Agogo zai yi mana sauran."

Sha ɗaya da minti goma ƙofar gefe ta buɗe, ƙarar kofuna ta fara shigowa. Iya Mai Shayi ce, tsohuwa 'yar gangare, shekara ashirin da bakwai tana dafa shayi a ginin nan. Ta ajiye tire a gefen teburinsa, buta na tururi.

"Ba ni littafin, shayi zai huce."

"Wane litt..." Ya tsaya, ya dubi teburinsa.

Littafin halarta yana gabansa, babba mai koren bango. Da safe ya buɗe sabon shafi, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta a sama da manyan baƙaƙe: ZAMAN RANTSAR DA SABUWAR SHUGABA. Ba wanda ya sa hannu tukuna, saboda a ginin nan gangare ba ya sa hannu kafin tudu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da faruwar abin. Lokacin da gangare ya fara samun kujeru a majalisa, kansilolin tudu suka ce ba za su bi layi a tebur ɗaya da su ba, ba kuma za su riƙe biron da suka riƙe ba. Sai Ciyaman ya kawo ƙa'ida ta goma sha huɗu: duk kansilan da ya sa hannu a littafin halarta ranar zama, ya halarta. Daga ranar, duk ranar zama littafin kan hau sama a kan tiren Iya, tare da baƙin biro mai murfin zinariya. Su sa hannu suna shan shayi, in sun ga dama su sauko, in ba su ga dama ba su wuce shagunansu. Sai littafin ya sauko, 'yan gangare su sa nasu hannun da biron roba da aka ɗaure da igiya a ƙafar tebur.

Hannu ɗaya kawai ake bukata daga sama.

Magatakarda ya ɗago kai. Ya kalli Iya. Fuskarta ba ta ce komai ba, tana gyara cokula.

"Yau ba ranar zama ba ce?" ta tambaya.

"Ranar zama ce, Iya."

"To?"

Ya rufe littafin. Ya jawo durowa ya ɗauko biro mai murfin zinariya, ya ɗora su biyun a kan tiren. Yana janye hannunsa wayar teburin ta yi ƙara, har ya zabura.

"Hawo ka same ni," in ji muryar kawunsa, ya kashe.

Matakala ashirin da biyu ce. Iya a gaba, tana hawa ɗaya bayan ɗaya saboda gwiwa, shi a baya, idonsa a kan koren littafin.

Ofishin Ciyaman ya cika da hayaƙin taba da dariya. Biyar suna kan kujerun kushin. Na shidan, Lauya, yana bakin taga ya ba su baya, waya a kunne. Ciyaman na bayan teburinsa, babban mutum, jajir, makullan ginin a gabansa.

"Ga ɗana," ya ce. "Matso. Ɗauki takarda, za ka rubuta sanarwar riƙon ƙwarya. Sha biyu da minti ɗaya nake so a liƙa ta a ƙofa."

Magatakarda ya zauna ya ɗauki takarda. Ta gefen ido yana ganin Iya ta ajiye tire, ta zuba kofin farko, ta buɗe littafin a shafin yau, ta miƙa wa Mai Gidan Mai, yadda ta saba farawa.

Mai Gidan Mai yana tsakiyar labari. "Na ce wa yarana, in matar nan ta hau kujera, duk wanda ya zo neman takardar fili sai an ce ya kwanta ya buɗe baki ya ce aaa!" Aka fashe da dariya. Ya karɓi biron bai duba ba, ya ja hannu, ya miƙa mata baya ta saman kafaɗa, ya ɗauki kofinsa.

Ɗaya.

Magatakarda ya ji kamar ya miƙe ya fizge littafin ya ruga. Amma Iya ba ta ko kalle shi ba. In ta tsallake wani za a lura, shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa tsallake kowa ba. Ta zuba kofi na biyu, ta matsa gaban Tsohon Soja.

"Rubuta," in ji Ciyaman. "Kasancewar majalisa ta kasa cika adadin da doka ta tanada..."

"Ta kasa cika adadin," ya maimaita, biron na rawa a hannunsa.

"Me ya sami hannunka?"

"Ban karya ba ne, Kawu."

"Iya, ba shi shayi in kin gama. Duba shi, ya yi fari kamar mu." Aka sake dariya.

Biyu. Uku. Na huɗun ma cewa ya yi sukari bai ji ba, ya sa hannu yana mita. Biyar. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da rabi da minti huɗu.

"Na san zuciyarka tana ja biyu," Ciyaman ya rage murya. "Jini ne, ba laifinka ba. Amma ka tuna wa ya je ya ɗauko ka daga ɗakin langa-langan nan ranar da uwarka ta cika. Ba na ƙin mutanen nan. Ni na kai musu famfo. Kujera ce dai ba tasu ba."

Iya ta isa bakin taga. Lauya ya kashe waya, ya juyo, ya karɓi biron. Ya ɗora bakin biron a kan takarda. Sai ya tsaya. Ya ɗaga tabarau daga ƙirjinsa ya sa a ido.

"Wannan shafin yau ne?"

Lauya ya karanta layin sama, ya sauko da ido kan hannaye biyar, ya ɗago kai a hankali.

"Kun sa hannu? Ku duka? Kun san me kuka yi? Goma sha huɗu! Ƙa'ida ta goma sha huɗu!"

Ya saki biron a tsakiyar littafin, ya kama gefen shafin zai yage. Magatakarda bai san lokacin da ya tsallake ɗakin ba. Ya danne littafin da hannu biyu ya rufe shi a kan yatsun Lauya, Lauya ya yi ƙara ya zare hannu, littafin ya dawo ƙirjin Magatakarda.

"Littafin majalisa ne, ranka ya daɗe. A hannuna doka ta ajiye shi."

"Ku tare ƙofa!" in ji Lauya.

Tsohon Soja ya riga kowa, ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa, ya cika ta. "Ajiye shi, ɗan gangare. Ajiye, kafin in karya ka."

Iya ta ɗauki butarta. Ba ta yi sauri ba. Ta nufi ƙofa, butar a gaba, bakinta a karkace, tururi na tashi, ɗigon ruwa na sauka a kafet.

"A yi hankali, ranka ya daɗe, yanzu na sauke shi daga wuta. Hannuna kuma rawa yake, tsufa."

Bakin butar ya nufi daidai gaban wandonsa. Tsohon Soja ya yi tsalle gefe har ya ture kujera. Magatakarda ya wuce ta ƙarƙashin hannun Iya ya faɗa baranda.

"Ɗana."

Muryar ta tsayar da shi a kan matakala ta farko. Ciyaman ya fito, yana tsaye a bayan Iya, bai ɗaga murya ba.

"In ka sauka da littafin nan, ba ni ba kai. Ka ji ni da kyau. Ba ni, ba kai, ba 'ya'yanka."

Daga waje ihu ya tashi, aka ji ƙarar gilashi ya tarwatse, sai usur na 'yan sanda.

"Kai ka ce in yi aikina yadda na saba, Kawu. Littafi in ya hau, saukowa yake."

Ya sauka bibbiyu.

Sha biyu saura minti goma sha takwas ya buɗe littafin a teburin zaure. "Ku sa hannu, maza!" 'Yan gangare ba su fahimci komai ba, amma suka taso. Makaniki ne na ƙarshe, ya ga hannayen da ke sama, ya buɗe baki, ya danna biron roba da ƙarfi har ya tsage a hannunsa, tawada ta ɓata masa yatsu. Sa hannun dai ya fito.

Magatakarda ya kai littafin gaban Alƙali, ya ɗora kundin ƙa'idojin majalisa a gefensa, ya buɗe shafin. "Ranka ya daɗe, kansiloli goma sun halarta."

Alƙali ya kalli kujeru shida wayam, ya kalli Magatakarda, ya sunkuya yana karantawa da yatsa. Bai yi gaggawa ba. Saura minti goma sha huɗu.

Takun gudu ya cika matakala. Lauya ya faɗo zauren yana haki, ya tsaya gaban Alƙali. "Ban yarda ba! Yaudara ce! Sa hannu daban, halarta daban. Mutanen nan ba su san me suke sa wa hannu ba!"

"An rufe musu rubutun saman shafin ne?"

"A'a, amma..."

"An tilasta musu?"

"Tsohuwar nan ce ta..."

"Mai shayi ta tilasta wa kansiloli biyar." Alƙali ya juya shafi. "Ga sunan wanda ya tsara ƙa'idar a ƙasa. Kai ne ko wani mai irin sunanka?"

Lauya ya kau da kai. "Ba don irin wannan aka yi ta ba."

"Na ga alama. To bari in sauƙaƙa maka. Mu ajiye littafin gefe." Ya ɗaga yatsa yana nuna 'yan gangare. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar." Yatsan ya tsaya a ƙirjin Lauya. "Kai ba kansila ba ne? Ina kake tsaye yanzu?"

Lauya ya kalli ƙafafunsa. Ya juya zai fita, sai ya tarar Makaniki ya tare hanyar fita yana goge tawada. "Haba, Lauya, ka zo ke nan? Zauna mana, ga kujerarka, mun share maka ita." A bayansa sauran kansilolin tudu biyar sun cunkushe a bakin ƙofa, kowa na leƙe, ba mai yarda ƙafarsa ta taka ciki.

"An cika adadi ta ko'ina aka duba," in ji Alƙali. "Uwargida, taso."

Sista ta ajiye jakarta, ta tashi, ta ɗaga hannun dama. Ta karanta rantsuwar ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, da irin muryar da take ce wa mai naƙuda ta yi nishi. Saura minti shida. Alƙali ya tura mata takardar ta sa hannu. Ta miƙa hannu ga biron igiya, ta ga ya tsage.

"Biro," in ji Alƙali. "Nawa na bar shi a mota. Wa ke da biro?"

Magatakarda ya lalubi aljihunsa, nasa yana sama a kan sanarwar da bai gama ba. Sai ya ɗaga littafin halarta, baƙin biro mai murfin zinariya ya gangaro daga tsakiyarsa ya faɗi a kan tebur. Daga bakin ƙofa wani ya ce, "Kai!"

Sista ta ɗauke shi, ta juya shi a hannu. "Ashe ma ba nauyi," ta ce, ta sa hannu.

Alƙali ya mayar da agogonsa. Sha biyu saura minti huɗu.

Da ta fita kan matakalar gaba, takardar a sama, ihun da ya tashi sai da tagogi suka girgiza. Magatakarda bai bi su ba. Ta taga ya ga ta ɗaga hannu an yi shiru, ta juya ga samarin da ke gaban gidan mai ta kira uku daga cikinsu da sunan iyayensu mata, ta ce su zubar da abin da ke hannunsu su tafi gida. Na farko ya saki dutsensa. Sauran suka fara kallon juna.

Zauren ya rage shi kaɗai lokacin da kawun ya sauko. Ya shigo a hankali, ya ajiye makullan ginin a kan littafin. Bai kalle shi ba.

"Kafin rana ta faɗi ka kwashe iyalinka daga gidana."

"To, Kawu."

"Kada ka sake kirana haka."

Ya fita ta ƙofar baya, inda motarsa take. Magatakarda ya zauna. Ya ciro waya zai kira matarsa, ya rasa ta inda zai fara, ya ajiye.

Ƙarar kofuna ta shigo. Iya ta ajiye masa kofi a gabansa.

"Kawunka ya ce in ba ka in na gama. Ya huce, amma sha."

Ya kurɓa. "Iya, kin san abin da kika kai sama yau?"

"Ni? Shayi na kai. Ni da ko baƙi ban iya karantawa ba."

"Kullum sha ɗaya da rabi kike kawowa. Yau da minti goma kika shigo."

"Gwiwa ce, ɗana. Matakalar nan tana cin lokaci." Ta tattara cokula. "Akwai ɗakuna biyu a gidan ƙanena, bayan gada, ba kowa a ciki. Rufin yana yoyo ta gefe ɗaya. In kana so in yi masa magana."

"Yi masa, Iya."

Ta ɗauki tiren, ta kai bakin ƙofa, ta juyo. "Zama na gaba fa, littafin sama zan kai?"

Ya sunkuya ya kwance igiyar da ke ƙafar tebur, ya jefa ta a kwandon shara tare da tsagaggen biron. Ya ɗora mai murfin zinariyar a kan littafin.

"Bar shi a nan. Mai son sa hannu ya sauko."